Laburaren Ustaz Abdulbaƙi

Ranar da kwalayen suka fara shigowa, Hindatu tana tsakiyar yanka albasa. Ta ji ana nishi a kan matakala, ta leƙa, sai ga mijinta Abdulbaƙi da wani direban motar kaya suna kokawa da ƙaton kwali. Kafin a kira la'asar kwali goma sha bakwai sun samu masauki a falonsu na hawa na uku a unguwar Bani Malik da ke Jidda, falon da da ma in mutum huɗu suka zauna sai ɗaya ya tanƙwashe ƙafa.

Abdulbaƙi ya zube a gaban na'urar sanyaya ɗaki, ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya ba ta labari. Shi malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar kuɗi da yawancin ɗalibanta 'ya'yan baƙi ne, 'yan Najeriya da Sudan da Chadi, kuma a nan 'yarsu Lubna take aji huɗu a ɓangaren mata. Ya ce mudir ɗinsu, wato shugaban makarantar, Ustaz Meshari, ya tara malamai ya shaida musu masu duba makarantu za su zo ƙarshen shekara, kuma ɗakin nan da aka rubuta wa "Maktaba" a ƙofa, wanda ba komai a cikinsa sai karyayyun kujeru, ba zai fitar da su kunya ba. Ana son laburare na gaske, wanda littattafansa ke tafiya da manhaja, aji aji, darasi darasi. Mudir ya tambaya wa zai iya. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Sai Abdulbaƙi ya ɗaga hannu ya ce ai wannan fanninsa ne.

"Fanninka, Abban Lubna?" in ji Hindatu, wuƙa a hannu.

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune da ke. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita ce ta karanta ilimin laburare, ita ce ta yi shekara shida tana riƙe da na wata sakandare a Gusau kafin ta biyo shi Jidda. Shi kuwa ba ya buɗe littafi sai wanda yake koyarwa da shi, shi ma ya haddace shi ya huta. Amma maganar gaskiya ta ji daɗi. Shekara uku ke nan tana zaune tsakanin bango huɗu, daga kicin sai taga, daga taga sai kicin. Tun kafin ya gama roƙonta ta wanke hannu ta farke kwalin farko.

Kayan sadaka ne da iyayen yara suka tara, suka shekara biyu a wani sito a Khumra. A ciki akwai littafin gyaran injin jirgin ruwa, da kundin likitanci guda uku kowanne ya kai nauyin ɗan akuya, da taswirar duniya da ba ta ji labarin an raba Sudan ba, da littattafan kwamfuta na zamanin da kwamfuta take da ƙeya. Ta ce kafin komai sai ya kawo mata manhajar kowane darasi, don ba a yi wa yaro ɗinki sai an auna shi. Ya bi malamai yana ɗauko hoton takardunsu da waya, wasu hotunan rabi rubutu rabi babban yatsansa.

Da safe in sun fita shi da Lubna, sai ta shimfiɗa tabarma a ɗan filin da ya rage, ta baje takardu. Ta zana jadawali: ga darasi, ga makon da za a koyar da shi, ga littafin da zai taimaka, ga shafi, ga wanda ya dace da yaro mai saurin ɗauka, ga na wanda sai an bi shi a hankali. Cikin kwali goma sha bakwai, huɗu kawai ta ce sun cancanci hawa kanta. Abdulbaƙi ya dafe kai, ya ce mudir so yake ya ga kantoci maƙil. Ta ce masa kanta cike da littafin da ba mai buɗewa, tukunya ce cike da duwatsu, tana da nauyi amma ba ta ciyar da kowa. Ya ciro waya ya rubuta. Washegari ya dawo yana fara'a, ya ce ya faɗi maganar a taron malamai, har malamin Larabci ya ce a maimaita masa.

Ta tambaye shi ko ya ce wa ya faɗa. Ya ce ai zancen bai biyo ta nan ba.

Da sanyi ya shigo aka buɗe kasuwar baje kolin littattafai, makaranta ta ba shi izinin sayo abin da ya rage. Ya ɗauke ta suka tafi, don ba zai iya bambance na aji uku da na aji bakwai ba in ba ta hoton bango ba. Hindatu ta yini tana bin rumfuna da jerin sunaye a hannu, tana buɗe littafi tana karanta shafi ɗaya ta san ko zai shiga kan yaro. Ta zaɓi na Turanci, ta zaɓi na Larabci, ta ma samo wasu ƙananan littattafan labarai na Hausa a wata rumfa a lungu, saboda yaran da aka haifa a nan, waɗanda in an yi musu magana da Hausa sai su amsa da Larabci. Suna cikin haka Abdulbaƙi ya hango wani abokin aikinsa. Cikin ƙiftawar ido takardar ta bar hannunta ta koma nasa. Ya gaisa da mutumin, ya ce ya fito aiki ne, ya ga bai kamata ya bar iyali a gida ba, gara su zo su sha iska. Hindatu ta tsaya gefe da leda biyu a kowane hannu, tana shan iskar.

A mota ta yi maganar. Ya ce ta yi haƙuri, ƙasar nan ba Gusau ba ce. Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, ta mai rakiyar miji ce, a rubuce yake ba ta da izinin aiki. In aka ji hannunta na cikin aikin makaranta, tara ce, wataƙila ma a ɗaure musu kaya su duka uku. Ya faɗi haka da muryar mai kare iyalinsa daga zaki. Ta tsorata, ta bar maganar.

Daga nan aiki ya zauna daram. Littafi dubu biyu da ɗari uku, kowanne sai an ba shi lamba, a manna a gadon bayansa, a shigar da shi kwamfuta, a naɗe bangonsa da leda. Abdulbaƙi ya kafa doka: kada kowa ya shigo falo, kada a gaya wa kowa. Maƙwabciyarta da ta saba hawowa da hantsi da burodin tamis da dafaffen waken ful su karya tare, ta zo sau uku ana tare ta a bakin ƙofa, ta daina zuwa. Ƙurar sito kuwa ta samu gida a ƙirjin Hindatu. Tari ya fara kamar wasa, sannan ya daina wasa.

Shi kuma a makaranta tauraronsa sai haskawa yake. Aka rage masa azuzuwa, aka ba shi ofis mai sanyi, aka liƙa sunansa a ƙofa. Ya sayi tabarau mai igiya yana rataye shi a wuya, alhali idonsa lafiya lau. Malamai suka kamu da son jadawalin nan, domin mutum zai shiga aji ya san littafin da zai tura yara su duba har da shafinsa. In wani ya zo da tambayar da ba ta cikin jadawali, sai Abdulbaƙi ya gyara tabarau ya ce a ba shi minti biyar ya yi nazari, ya shige banɗaki ya kira gida. Hindatu, da ludayi a hannu, sai ta ce masa kanta ta uku daga ƙofa, mai koren bango, babi na biyu. Ya fito ya faɗa kamar wanda aka yi wa wahayi. Har malamai suka fara cewa Ustaz Abdulbaƙi yana da zurfin ilimi, amma cikinsa ba shi da lafiya.

Dalilansa kuwa ba sa ƙarewa, kowace rana da irin nata. Ran da ta ce ko sunanta ya saka a ƙasan jadawalin da ƙananan haruffa, ya ce mata da miji abu ɗaya ne, in an yabe shi ita aka yaba. Ran da ta ce bayanta na ciwo, ya ce ta tuna 'ya'yan Musulmi take yi wa hidima, ladanta na nan a ajiye inda asu ba ya ci. Ran da ta ce ta gaji, ya ce shi da ke fita cikin zafin Jidda bai ce ya gaji ba, sai ita da ke zaune a inuwa. Da tarin ya matsa ya kai ta asibitin unguwa, likita ya saurari ƙirjinta ya ce ta nisanci ƙura. A hanyar dawowa Abdulbaƙi ya tsaya kantin magani ya sayo kwalin takunkumin fuska, ya ajiye mata a cinya ya ce, "Halas, an warware." Sati bai zagayo ba sai ga kwali goma sha ɗaya sun hawo matakala. Wani abokinsa mai makaranta a kudancin gari ya ji labarin gwanintarsa, shi kuma ya ji kunyar ya ce a'a.

Ana nan sai ɓangaren mata suka kira taron iyaye. Hindatu ta saka abaya ta tafi, tana murnar ganin titi. Bayan taro tana jiran Lubna a baranda, sai ta ga wata malama tsugune gaban keken littattafan da ake turowa daga ɓangaren maza, don laburaren yana can ne. Malamar tana ta birkita su tana mita, wai tana neman inda aka yi bayanin yadda ake tace ruwan teku ya zama na sha. Bakin Hindatu ya riga hankalinta. Ta ce ba a nan yake ba, ta duba siririn nan mai shuɗin bango, shafi na arba'in da uku, akwai zane. Malamar ta buɗe, ga shi kuwa.

Wata mata mai jiki da ke tsaye kusa ta juyo ta dube ta. Ita ce Abla Wafa', shugabar ɓangaren mata, Bahaushiyar Sudan, mai Hausa rabi Larabci rabi. Ta ja hannun Hindatu zuwa ofis, ta zuba mata shayi, ta yi mata tambaya uku kan littattafan aji biyar. Hindatu ta amsa huɗu. Sannan ta tuna dokar gida, ta kama bakinta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Ke ce matar Ustaz Abdulbaƙi?" in ji Abla Wafa'. "Subhanallah. Tun farkon shekara na ce masa muna so mu buɗe namu laburaren, ko ya san mace mai wannan ilimi. Na ce ko madam ɗinsa. Ya ce ai ke karatunki bai yi nisa ba, kuma ba kya son fita."

Hindatu ta ajiye kofin. Ta ce wataƙila saboda iƙama ne, tunda ba ta da izinin aiki. Abla Wafa' ta yi dariya ta ce rabin malamanta a kan iƙamar mazajensu suke. Makaranta ce ke nema musu takardar izini, abin da ake buƙata daga miji kawai ya shiga shafin hukuma ta wayarsa ya amince. Ta ce shi ma ya sani, domin a gabansa aka yi wa matar malamin lissafi. Ta ƙara da cewa har yanzu gurbin na nan, amma mako biyu ya rage mata ta miƙa suna.

Hindatu ta dawo gida a ƙafa, tana riƙe da hannun Lubna, ba ta ji zafin rana ba. Ta dafa abinci kamar kullum. Sai da ya ci ya wanke hannu sannan ta gaya masa inda ta je da abin da ta ji.

Bai musa ba. Ya ce kishi ne irin na namiji, kuma kishi ado ne. Ya ce ya yi tunanin lafiyarta. Ya ce in ta fita aiki wa zai kula da Lubna, alhali makaranta ɗaya za su riƙa tafiya. Ya ce kuma ta duba, in aka gan ta tana wannan aiki a ɓangaren mata, ai masu baƙin ciki za su haɗa biyu da biyu. Wannan na ƙarshen shi ne gaskiyar, shi ya sa ya faɗe shi da sauri ya wuce. Daga baya ya ce ba komai, tunda tana so zai amince, ta ba shi zuwa gobe.

Gobe ta zo, ya ce na'ura ta ƙi buɗewa. Jibi ya mance lambar sirri. Gata aka ce ana gyaran shafin. Ranar Alhamis ya ce a bari a shiga sabon mako, ranar Lahadi kansa ya yi ciwo. Hindatu ta riƙa kallon kwanaki suna zubewa kamar ruwa a kwando. Ranar da mako biyu suka cika, Abla Wafa' ta kira ta da murya a sanyaye, ta ce ta jira iya jira, an ba wata baiwar Allah mai suna Abir, wadda ta karanta harkar kasuwanci amma takardunta sun cika. Da yamma Abdulbaƙi ya shigo da gasasshiyar kaza, ya ce yau na'ura ta buɗe, sai dai an ce an rufe ɗauka. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, wani hanin ga Allah baiwa ne.

Hindatu ba ta yi kuka a gabansa ba. Washegari ta naɗe tabarmar aiki ta jingine bayan ƙofa.

A makon ne aka aiko da sabuwar manhajar kimiyya ta aji huɗu zuwa tara, mudir ya ce a sabunta jadawali kafin masu dubawa su iso. Abdulbaƙi ya kawo takardun ya ajiye mata a kan firji. Suka kwana uku a nan. Da ya yi magana, ta ce ya yi mata uzuri, karatunta bai yi nisa ba. Da ya kira daga banɗakin makaranta, ta ce miya na kan wuta.

Ya ce to shi zai yi, me ke ciki. Ya zauna da tabarau ya yini biyu, ya fitar da jerin littattafai, aka yi oda. Mako na gaba sai ga kwafi arba'in na wani littafin kimiyyar haɗa magunguna da ɗaliban jami'a ke kuka da shi, an kawo wa 'yan aji bakwai. Malamin kimiyya ya ɗaga ɗaya da hannu biyu ya tambaye shi ko na tokare ƙofa ne. Abdulbaƙi ya ce kuskuren masu sayarwa ne, ya nemi minti biyar, ya shiga banɗaki, ya fito ba wahayi.

Da ya ga uwar bari, sai ya kira Gusau. Bai kira don ya ba da haƙuri ba, ya kai ƙara ne. Mahaifiyar Hindatu ta kira ta da hantsi, ta ce me take ji haka, mijinta na cikin matsala ta naɗe hannu. Hindatu ta kwashe labari duka ta gaya mata, tana yi tari na katse ta. Tsohuwar ta saurara, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ba a kyauta ba kam, amma rufin asirin miji rufin asirin mace ne. Ta ce mata nawa ne ke daka a ɗaki a ce sunan maigida ne a kan buhu, ba su mutu ba. Ta ce ta yi don Allah.

Abin da ya karya yajin nata ba wayar ba ce. Lubna ce ta dawo ranar Talata ta jefar da jaka, ta ce an ba su aikin gida kan yadda tsiro ke shan ruwa, malama ta ce su duba laburare, ita kuma Abla Abir ta ba ta wani littafi da ba ta gane ko layi ɗaya ba. Ta ce duk ajin haka ne, wasu har sun yi kuka. Abdulbaƙi yana zaune yana ji, ya dubi matarsa ya ce, "Kin gani ko? Yara kike cuta, ba ni ba."

Hindatu ta miƙe. Ta ɗauko tabarmar daga bayan ƙofa.

Kwana tara ta yi a kai. Ta bi sabuwar manhajar mako mako, ta nemo abin da ke kan kantocin laburaren wanda zai yi, ta fitar da jerin abin da za a sayo da wanda za a mayar, har da arba'in ɗin nan. Abdulbaƙi ya dawo da fara'arsa, yana shigowa da lemo da kankana, yana cewa da ma ya san ita 'yar albarka ce. Ran na goma da safe ya nemi takardun, ta ce saura gyara kaɗan. Ya fita. Ta ba shi rabin awa, ta saka abaya, ta rungumi fayil ɗin, ta tari mota.

Abla Wafa' ce ta raka ta ofishin mudir, ita ce kuma ta yi tafinta, don Larabcin Hindatu na cefane ne. Ustaz Meshari, dogon mutum mai carbi, ya karɓi fayil ɗin yana jujjuyawa. A shafin farko an rubuta: Hindatu Haladu ta tsara. Ya tambaya ko taya Ustaz ta yi. Ta ce a'a, wannan da na farkon da duk lambar da ke bayan kowane littafi a ginin nan, hannunta ne. Ta ce ya ɗauko duk wanda ya ga dama ya tambaye ta. Ya aika aka kwaso biyar. Tun suna hannun mai kawowa ta faɗi ajin kowanne da makon da ake buƙatarsa. Mudir ya ajiye carbi, ya sa aka kira Abdulbaƙi.

Ya shigo da tabarau a wuya, ya ga matarsa a zaune. Amma Abdulbaƙi bai taɓa rasa abin cewa ba. Ya yi murmushi ya ce alhamdulillah, da ma shi ya ce ta zo, ya daɗe yana so ya gabatar da ita, kunya ce ta hana ta. Mudir ya miƙa masa littafi ɗaya cikin biyar ɗin, ya rufe lambar da yatsa, ya ce na aji nawa ne. Abdulbaƙi ya duba bangon gaba, ya duba na baya, ya ce a ba shi minti biyar.

Ba a kore shi ba. Mudir ba ya son hayaniya ana saura mako uku baƙi su zo. Aka bar shi da ofis har masu dubawa suka zo suka yaba laburaren, aka ɗauki hoto yana riƙe da allon yabo, domin an riga an buga sunansa a kai. Bayan sun tafi aka mayar da shi aji da taswirarsa. Hindatu kuwa aka ce ta jira sabuwar shekara, in sha Allah.

A gida ya yi kwana goma sha biyu ba ya ce mata komai sai "gishiri" da "ina makulli". A unguwa labari ya zagaya tsakanin 'yan gida, daga majalisar shayi zuwa gidajen suna. Maza suka ce mace ta yi boko da yawa, ga irinta nan. Mata da dama suka ce ko me ya yi mata bai kamata ta tona masa asiri a gaban Balarabe ba. An yi ta maganar safiya ɗaya da ta yi a ofishin mudir. Wata bakwai da ta yi a tsugune cikin ƙura, ba wanda ya ga abin magana a ciki, domin wannan kowa ya saba da shi.

Da sabuwar shekara ta kama, Ustaz Meshari ya kira Abdulbaƙi ofis, ya ce ya ciro wayarsa, ya tsaya a kansa. Na'ura ta buɗe nan take, lambar sirri ma ta dawo masa. Hindatu ta fara aiki, kwana uku a ɓangaren mata, sauran ta tsara wa na maza. A majalisa Abdulbaƙi ya koma cewa shi mutum ne mai goyon bayan ilimin mata, shi ya horar da ita da hannunsa, kuma akwai masu gyaɗa kai.

Wata Asabar da hantsi Hindatu ta je yi wa wata baƙuwa barka da zuwa, Rahamatu, matar Jabiru, sabon malamin lissafi da suka iso daga gida wata biyu da suka wuce. Rahamatu ta ɗan jima kafin ta buɗe ƙofa, ta buɗe tana ba da haƙurin falon ba kyan gani. A kan tebur takardun jarrabawar yara ne tuli guda, a hannunta jan biro. Ta ce maigidan ne aiki ya yi masa yawa take ɗan rage masa, ta roƙi Hindatu kada ta faɗa a waje, don ya ce akwai matsalar iƙama.

Hindatu ta ture takardun gefe ta zauna. Ta tambaye ta me ta karanta. Rahamatu ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi, ta ce lissafi, digiri na biyu.

"Rufe biron nan, ƙanwata, ki ɗora mana shayi," in ji Hindatu.

Ta ciro wayarta. Kafin ruwan ya tafasa Abla Wafa' ta ɗauka.